Ra'ayinmu: Sauro bai bar akurki ba

Duk shekara, da ruwan Yuli da Agusta sun cika tafkunan Tasawa da kwarin Gulbin Kaba na ƙasar Mayahi, sai hankalin jama'a da na hukuma ya koma ga zazzaɓin cizon sauro. Daidai ne. Amma akwai wata ɓarna ta sauro wadda ba a cika zancenta ba, ita ce wadda yake yi cikin akurkin kaji.

Mata na Maijirgi da Korgom da Kanan Bakashe sun san ciwon. Ƙuraje ne ke fito wa kaza a zanko da fatar ido da gefen baki, su yi ɓawo baƙi. In ya tsaya a fata, babbar kaza takan tashi bayan ƴan makonni, ko da yake ƙwai ya ragu. In kuwa ya shiga baki da maƙogwaro, sai ci da numfashi su gagara, ƴan tsaki su yi ta mutuwa. Likitocin dabbobi suna kiransa aganar tsuntsaye. Tana kama talotalo da tantabaru, amma ba ta kama mutum.

Tun cikin 1929 masana a Amurka suka tabbatar cewa sauro yana ɗaukar ƙwayar cutar a bakinsa daga marar lafiya zuwa mai lafiya. Kwana 4 zuwa 10 bayan cizo, ƙuraje su bayyana. Ɓawon da ya faɗi ƙasa kuma yana riƙe cutar watanni. Ke nan ba iska ba ce, ba sammun maƙwabciya ba ne.

Kada a raina wannan hasara. Kaza ita ce asusun mace a ƙauye: da ita ake sayen magani, da littafin ɗan lakkwal, da gishirin miya lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Cutar kuwa tana zuwa ne daidai wannan lokaci.

Babu maganin da ke kashe ƙwayar, amma akwai allurar rigakafi da ake yi a fatar fiffike. Wajibi ne ma'aikatan kiwo su tanade ta kafin damina, su haɗa ta cikin rangadinsu, kada shanu da awaki su cinye dukan kulawa. Masu gari da hakimai su taimaka da shela.

Iyali kuma da nasu aiki: a kife kasko da gwangwani da tsohuwar taya, a sauya ruwan kaji kullum, a rufe akurki da tsohon gidan sauro da almuru, a ware wadda ta kamu, a share ɓawo a ƙona. Kazar da aka sayo kasuwa a keɓe ta mako biyu.

Ku da kuka yi yaƙi da jahilci, ku karanta wa maƙwabta wannan shafi a dandali. Sauron da ke cizon kaza da wanda ke cizon yaro duk cikin ruwa kwance suke haihuwa. Wanda ya zubar da ruwan ya tsare gida biyu.