Sanarwar Bayan Taron Masu Binciken Halittun Ruwa Kan Ci, Ƙoshi da Filankton na Mashigin Tekun Gini

Mambobin ƙungiyar masu binciken halittun ruwa, da suka haɗa da malaman jami'o'i, masu bincike a cibiyoyin kifi da masu ƙyanƙyasar tarwaɗa, sun kammala zamansu na shekara-shekara, inda suka tattauna abin da ke sa halitta ta nemi abinci da abin da ke sa ta daina, tun daga filankton, ƙananan halittun da igiyar ruwa ke yawo da su, har zuwa kifin da ke rayuwa a kansu.

Taron ya waiwayi bayanin da masanin kimiyya Holling ya yi a 1959, cewa cin dabba yana ƙaruwa da yawan abincin da ke gabanta, amma zuwa wani mizani kawai, domin kamawa da haɗiya da narkarwa duk suna ɗaukar lokaci. Haka lamarin yake ga kofifod, ɗan mitsitsin dangin jatan lande da ke kiwo a kan filankton na tsiro, haka kuma yake ga tarwaɗa a cikin kwami. Mahalarta sun kuma duba sinadaran jiki biyu masu alaƙa da ƙoshi da yunwa, leftin da aka gano a 1994 da girelin da aka gano a 1999, tare da jan hankali cewa a kifi hanta ce ta fi samar da leftin, ba kitse ba kamar yadda yake a ɓera, don haka kuskure ne a ɗora wa kifi sakamakon binciken da aka yi a kan ɓera.

Taron ya nuna damuwa matuƙa kan gaɓar Ghana da Kodebuwa, inda ruwa mai sanyi ke tasowa daga ƙasan teku tsakanin Yuli da Satumba, filankton ya yawaita, kifin sardin ya samu na ci. Raguwar kamun wannan kifi ta kai Ghana ga rufe kamun kifi na wani lokaci a shekara.

Bayan muhawara, taron ya cimma matsaya kamar haka:

1. Ƙasashen mashigin su kafa tsarin auna filankton na dindindin, irin wanda Alister Hardy ya faro a Ingila a 1931, inda jiragen kasuwanci ke jan na'urar ɗiban samfuri a bayansu; awo na shekara biyu da kuɗin tallafi, sannan a watsar, ba ya nuna sauyin teku.

2. Gwamnatin Tarayya ta ƙara wa cibiyar binciken teku ta Legas da cibiyar kifin ruwan daɗi ta New Bussa kuɗin bincike, ta kuma sake shi a kan kari.

3. A ba da fifiko ga noman Moina da Daphnia a gida, wato ƙananan halittun ruwa da ake ciyar da 'ya'yan kifi da su. Ɗan tarwaɗa, kwana uku bayan ƙyanƙyasa, ya shanye gwaiduwarsa, yana buƙatar abinci mai motsi. A yau masu ƙyanƙyasa da dama sun dogara ga gwangwanin Artemia, wani irin abincin 'ya'yan kifi da ake shigowa da shi da dala, kuma duk tashin canji a kansu yake ƙarewa.

4. Malaman gona su koya wa masu kiwo ciyarwa daidai ƙoshi. Abincin da aka watsa bayan kifi ya ƙoshi nutsewa yake yi ya ruɓe, ruwa ya yi wari, iskar numfashi ta ragu, kifi ya daina ci, alhali abinci ne ke cin kaso mafi girma na kuɗin kiwon.

5. A fassara sakamakon bincike zuwa Hausa domin masunta da masu kiwo.

An ɗora wa kwamitin zartarwa isar da waɗannan matsayoyi ga hukumomin da abin ya shafa, ya kuma gabatar da rahoto a zama na gaba.

Sa hannu: Shugaba da Sakatare, a madadin mambobi.