Su da bazara a Komadugu: kafin ka zaɓi koto, san gurbin

A wannan mako filin namu zai gangara bakin Komadugu Yobe, domin bazara ta kama, kogi ya daina gudu, kuma lokaci ne da ma'aikaci mai neman abin miya ranar Lahadi da ɗan kasuwa mai neman kifin banda suke haɗuwa a kan tambaya guda: da wane koto, kuma ta wace hanya, ake kama babban kifi cikin wannan zafi?

Amurkawa suna da wani kifi mai farautar ƴan'uwansa da suke kira bas, wanda suka ƙera masa koton roba da na ƙarfe iri-iri, har abin ya zama babbar sana'a. Babu shi a ruwayenmu. Wanda ya fi kama da shi wajen hali a nan shi ne giwan ruwa, wanda Faransawa ke kira kapiten, kuma ya ninka bas girma nesa ba kusa ba, tun da yakan kai kusan mita 2 a manyan tafkuna. Dabarun da ake kama wancan da su suna aiki a kan wannan, amma sai ga wanda ya fahimci halin da kogin namu ke shiga idan rana ta take.

Ruwan da ke ratsa Difa ba a nan aka yi shi ba. Daga kogin Haɗeja da na Jama'are yake fitowa, su haɗu wajen Gashuwa, sa'an nan ya biyo iyakar Nijar da Najeriya, ya wuce Difa da Geskeru, ya faɗa tafkin Cadi wajen Boso. Yakan iso mana da damina, ya cika maƙil bayan kaka, sa'an nan ya yi ta ja da baya har ya yanke. Madatsar Tiga da aka gama a 1974 da ta Calawa da aka gama a 1992, duka a jihar Kano, sun canza yadda yake zuwa. To idan ya yanke, abin da ke saura shi ne gurabe, wato ramukan da ruwa ke kwanciya a cikinsu daga nan har sabon ruwa ya iso. Duk kifin da bai koma tafki ba yana cikin waɗannan gurabe, a takure, kuma kullum wurin ƙara matsewa yake yi.

Abu na farko da ya kamata mai fatsa ya sani shi ne ruwan zafi ba ya riƙe iska kamar ruwan sanyi. Lita guda ta ruwa mai zafin digiri 20 tana iya ɗaukar iskar oksijan kusan miligiram 9, amma idan zafin ya kai digiri 35 sai ta sauko wajen 7. A watan Afrilu da Mayu kuwa, zafin rana a Difa yakan haura digiri 40. Tarwaɗa ba ta damu ba, domin Allah ya hore mata abin shaƙar iska daga sama, shi ya sa kake ganin ta tana ɓullo kai. Gaiwa takan shige cikin laka ta jira damina. Giwan ruwa ba shi da wannan gata. Wannan ne ma ya sa ya yi ƙaranci a ɓangaren arewa na tafkin Cadi tun bayan farin 1973, lokacin da tafkin ya rabu biyu, ya zama fadama mai ciyawa, tarwaɗa da karfasa suka gaje wurin. Saboda haka kada wani ya ruɗe ka: giwan ruwa a Komadugu yanzu baƙo ne da ke biyo cikar kogi, kuma da bazara sai a gurbi mai zurfi ƙwarai ake sa ran samun sa.

Ina ne zurfin yake? Duba inda kogi ya yi kwana. Gefen waje, inda gaɓa ta tsaya a miƙe kamar bango, nan ne ruwa ya yi ta haƙa shekara da shekaru. Gefen ciki kuwa yashi ne, ba abin da ke can sai ƴan ƙanana. Ɗaura dutse a zare ka auna, ka riƙe a ranka inda ya fi nutsewa. Sai ka nemi inuwa da mafaka: itacen da ya faɗa ruwa, saiwoyin da gaɓa ta zaizaye ta bari a waje, bakin ciyawa inda ƙasa ta gangara farat ɗaya. Kifi mai farauta ba ya yawo cikin zafi. Laɓewa yake yi, ya jira abinci ya gifta ta gabansa. Mai jefa ƙugiya tsakiyar fili yana iya wuni bai ji ko motsi ba, alhali kifin yana nan taku goma daga inda yake tsaye.

Game da lokaci, kowa ya san asuba da yamma sun fi tsakar rana, amma akwai bambancin da ba kowa ke lura da shi ba. A gurbin da ruwansa ya yi kore, mai yawan gansakuka, tsirran nan suna ba da iska da rana, da dare kuma su shanye ta. Da asuba ne iskar ta fi ƙaranci, har ka ga karfasa sun taso suna haki a saman ruwa. Kifin da ke haki ba ya cin koto. Irin wannan gurbi, ka zo masa daga la'asar sakaliya zuwa faɗuwar rana. Gurbi mai zurfi, mai ƙasan yashi, wanda ruwansa bai yi kore ba, shi ne na sassafe zuwa hantsi. Idon giwan ruwa yana gani cikin duhu-duhu fiye da na kifayen da yake ci, don haka fitowar rana da faɗuwarta su ne lokutan farautarsa.

Sai batun koto. Har gobe babu wanda ya kai ɗan kifi mai rai. Samo ƙaramar karfasa ko kawara wadda ba ta wuce tsawon yatsa ba, ka soka ƙugiya a bayanta, ƙarƙashin ƙaya, ba tare da ka taɓa ƙashin baya ba, domin idan ka taɓa shi ta daina motsi, motsin nan kuwa shi ne kiran da take yi. Ɗaura ƴar gora ko totuwa a sama, ka daidaita zaren yadda koton zai tsaya kamar kamu ɗaya daga ƙasa, kusa da mafaka. Idan gora ta nutse kada ka fizga nan take. Ba shi ɗan lokaci ya juya da koton, sa'an nan ka ɗaga da ƙarfi sau ɗaya.

Tarwaɗa da ragon ruwa da hanci da gashin baki suke neman abinci, saboda haka wari suke bi: tana, hanjin kaza, ɗan kwaɗo, yankan kifi, har ma da gutsuren sabulu da wasu masunta ke sawa a dogon zare mai ƙugiyoyi da yawa. Sa darma ta kai koton ƙasa, ka zauna. Karfasa bakinta ƙarami ne, ƙaramar ƙugiya take so, da tana ko ɗan curin tuwo da aka murza da dusa. Watsa ɗan dusa a wurin tun da wuri yana tara su.

Koton ƙira, wato wanda ba a ci, iri uku ne suka cancanci kuɗinka. Na farko cokali. Wannan ko maƙerin unguwa zai yi maka: a yanke mariƙin cokalin shayi, a huda shi gaba da baya, a sa ƙugiya mai baki uku a gefe guda, a ɗaya gefen kuma a sa ƴar maɗauri mai juyawa don kada zare ya murɗe. Idan ana jan sa yana rangaji yana walƙiya kamar kifin da ya ji ciwo. Fari ya fi a ruwa mai haske, na jan ƙarfe ko ruwan zinariya ya fi a gurɓatacce. Na biyu shi ne ɗan kifin katako ko na roba mai leɓe a gaba, irin na Rapala, wanda wani masunci ɗan ƙasar Finlan mai suna Lauri Rapala ya fara sassaƙawa da hannu a 1936. Leɓen ne ke sa shi nutsewa, kuma gwargwadon tsawon leɓen gwargwadon zurfin da zai kai. Da irinsa ake kama manyan giwan ruwa a tafkin Nasir na Masar. Na uku tanar roba ko ɗan kifin roba mai laushi, wanda ake ɓoye bakin ƙugiya a jikinsa, ya ratsa cikin saiwoyi bai maƙale ba. Shi ne Amurkawa suka fi dogara da shi idan zafi ya tsananta.

Dukansu uku ƙa'idarsu ɗaya ce da bazara: ƙasa-ƙasa, sannu-sannu. Jefa ya wuce mafakar, ka bari ya nutse kana ƙirga, sa'an nan ka jawo shi a hankali, kana dakatawa, kana ɗan girgiza kan sanda. Sau da yawa a lokacin dakatawar ne kifi ke kai cafka. A ruwan da ba a gani sosai, kifi da jijiyar da ke gefen jikinsa yake jin motsi, don haka koto mai kaɗawa ya fi mai kyan launi. Ka kuma sa zare mai kauri kamu biyu daga wajen ƙugiya, domin murfin kumatun giwan ruwa kaifi gare shi kamar aska, kuma idan ya ji ƙarfe yakan yi tsalle yana kaɗa kai. Sakin zare a wannan lokaci shi ne sallama da shi. Inda akwai tsage mai haƙora, siririyar waya ce kaɗai ke tsira.

Bayan kamu, zafi ba ya jira. Cire hanji nan take, ka nannaɗe kifin da jiƙaƙƙen buhu a inuwa, in ba ƙanƙara kuma a kai shi wuta a yi banda tun bai sake ba. Ƴan kasuwa kuma su ji tsoron Allah, su daina yayyafa wa banda maganin ƙwari na gona don tsare shi daga tsutsa, domin cikin mutane yake ƙarewa.

To amma fa, jama'a, ga inda maganar take. Kifin da ke cikin gurabe da bazara shi ne iri. Shi ne zai bazu cikin fadamu ya yi ƙwai idan sabon ruwa ya zo. Manomin tattasai a bakin Komadugu ba ya daka irinsa ya zuba a miya komai tsananin buƙata. Amma sai ka ga an ja taru mai ido kamar na sange an share gurbi tas, an kwashe har ƴaƴan da ba su kai ɗan yatsa ba, ko an zuba guba a wayi gari ruwa ya yi fari da gawa. Tun dokar 7 ga Disamba 1998 mai tsara sha'anin su, Nijar ta haramta kamun kifi da guba da nakiya. Fa'idar ƙugiya ita ce tana zaɓe. Girman ƙugiya da girman koto su ke yanke girman abin da zai hau, kuma wanda ya hau bai isa ba ana iya zare masa ƙarfe a mai da shi da ransa. Giwan ruwa yakan yi kimanin shekara 3 kafin ya fara haihuwa, saboda haka wanda bai kai kamu ɗaya ba, wato daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, bai bar magaji ba tukuna. Babbar tarwaɗa guda a kasuwar Difa ta fi kwanon ƴan mitsi-mitsi daraja, kuma ba ta ci ribar baɗi ba.

Mutanen wannan jaha sun riga sun ɗanɗani rayuwa ba kifi. Bayan harin Boko Haram a Boso da Difa ranar 6 ga Fabrairu 2015, an kafa dokar ta-ɓaci, an hana su da cinikin kifi, an kwashe mutane daga tsibiran tafki a watan Mayu na shekarar, kuma ba a ɗage hanin ba sai a watan Maris 2019. Shekara huɗu masu banda da masu motocin dako da mata masu suya suna zaune hannu rabbana. Wancan hani mutum ne ya sa shi, mutum kuma ya ɗage. Idan muka ƙare irin da hannunmu, babu gwamnan da zai sa hannu a takarda kifi ya dawo.

Saboda haka ma'aikacin da zai fita da sandarsa ranar hutu ya fara biyawa ta ofishin gandun daji ya ji sharuɗɗan izini, ya gai da bulaman garin da gurbin yake hannunsa, domin gurabe da yawa suna da masu su da ranar da ake buɗe su. Ya tambayi jami'an tsaro inda aka yarda a je, ya tuna cewa tsallaken ruwan wata ƙasa ce, ya kuma dawo gida kafin duhu. Ɗan kasuwa mai kawo kayan su daga Maiduguri ko Kano ya cika shagonsa da ƙugiyoyi da zare da raga mai faɗin ido, ya bar sange ga sauro.

Allah ya kawo mana ruwa mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.