Gabar Aminai Biyu a Majigi



Makon jiya wata ƙawata da muka yi makarantar horon malamai tare ta nuna mini wani majigi na ƙasar Ailan, The Banshees of Inisherin, wanda Martin McDonagh ya shirya a 2022. Har dare muna gardama a kansa.

Aminai biyu ne a wani tsibiri, Colm mai goge da Pádraic mai jaki. Rana ɗaya Colm ya ce ya bar abotar, wai hirar Pádraic tana cinye masa lokacin kiɗa. Ya ce duk sa'ad da ya sake yi masa magana zai yanke yatsan kansa guda. Ya kuwa cika, har biyar. Jakin ya haɗiyi yatsa ya mutu, Pádraic ya cinna wa gidan Colm wuta.

To, labarin a 1923 yake, ana jiyo bindiga daga ƙetaren ruwa. Watau mutanen da suka haɗa kai suka yaƙi Ingila, su ne suka koma yaƙar juna a kan yarjejeniyar 1921. Jurwaye ne mai kamar wanka.

Ƙawata ta nace sai mun gano wane ne ke wakiltar wane ɓangare. Ni ban yarda ba. Ku dubi hannun nan dai. Mutumin da ya yi gaba don ya sami lokacin goge, shi ya yanke yatsun gogen. Ƙasa ce ke datse hannunta don ta baƙanta wa ɗan'uwa.

Wadda ta tsaya mini a rai kuwa ita ce Siobhán, 'yar'uwar Pádraic. Ita ke dafa abinci, ita ke kai da kawowar sulhu, ita ta kwashi yatsan farko ta mayar wa mai shi. Da ta gaji, ta shiga jirgin ruwa ta tafi aikin ɗakin karatu.

Kakata a Roni ta sha ba ni labarin zamanin NEPU da NPC, yadda wa da ƙane suka daina cin tuwo a akushi guda. Ita ce ta riƙa raba tuwon gida biyu, shekara da shekaru. Ita ba ta da jirgin da za ta shiga.