Vince Carter: Shekara Ashirin da Biyu Babu Zobe, Kuma Babu Asara

A gasar ƙwallon kwando ta Amurka, wato NBA, akwai tambaya guda da ake tsare kowane babban ɗan wasa da ita ranar da ya rataye takalminsa: zobe nawa ya samu? Zoben shi ne wanda ake bai wa kowane ɗan ƙungiyar da ta lashe kofi, kuma ya zama mudun da ake auna darajar mutum da shi. Da wannan mudun, Vince Carter ya tashi hannu rabbana. Ya buga kaka 22, wasa 1,541, ya ci maki 25,728, amma ko wasan ƙarshe na gasar bai taɓa kaiwa ba. Mafi nisan tafiyarsa ita ce ta 2010, lokacin da ƙungiyar Orlando ta kai zagayen kusa da na ƙarshe, Boston ta fitar da ita.

Duk da haka, rayuwar Carter a fili tana cikin mafi ƙarfin hujjojin da ke nuna cewa mudun kansa yana da tawaya. Abin da ya fi daraja a tarihinsa ya zo ne a rabinsa na biyu, bayan tsallen da ya sa duniya ta san shi ya ragu, lokacin da 'yan jarida suka koma bin wasu.

Zamanin tashe

An haifi Carter a ranar 26 ga Janairu, 1977, a garin Daytona Beach da ke jihar Florida. Ya yi wasa a Jami'ar North Carolina, inda Michael Jordan ya yi kafin shi. A zaɓen sababbin 'yan wasa na 1998, Golden State ce ta ɗauke shi a matsayi na biyar, ta kuma yi musayarsa nan take da Toronto Raptors, ƙungiyar Kanada da a lokacin shekararta uku kacal da kafuwa, a ƙasar da ƙwallon gora na kan ƙanƙara ya mamaye zukatan jama'a.

Cikin shekara biyu ya sauya labarin. Ya zama gwarzon sababbin 'yan wasa a 1999. A Fabrairun 2000 ya lashe gasar tsalle da danna ƙwallo a kwando a birnin Oakland, da salon da har yau ake kwatanta na baya da shi. A wasannin Olamfik na Sydney a shekarar, ya tsallake kan Frédéric Weis na Faransa, mutum mai tsawon mita 2.18, ya danna ƙwallon, Amurka kuma ta tafi da lambar zinare. A kakar 2000/2001 yana cin matsakaicin maki 27.6 a kowane wasa. Ƙungiya ta biyu da NBA ta kafa a Kanada, wadda ke Vancouver, ta tattara ta koma Memphis a 2001, Toronto kuwa ta tsaya da ƙafarta, kuma mutane da yawa na ganin farin jinin Carter na cikin dalilan da suka riƙe ta.

Tabon da ba ya ɓoyuwa

Duk wanda zai yi maganar halin Carter dole ya tsaya a kan yadda ya bar Toronto, domin nan ne masu sukarsa suke da gaskiya mai yawa.

Tsamin ya fara ne a ranar 20 ga Mayu, 2001. Da safe ya halarci bikin karɓar digirinsa a North Carolina, da yamma ya sauka Philadelphia don wasa na bakwai, wanda duk wanda ya faɗi ya fita daga gasar. Ƙwallon ƙarshe ta zo hannunsa, ya jefa, ta ƙi shiga, Toronto ta sha kashi da 88 da 87. Wasu suka ce ya raba hankalinsa biyu a ranar da ƙungiya ta fi bukatarsa. Wannan sukar ba ta da nauyi sosai: saurayi ya cika alkawarin kammala karatu, ya kuma iso fili a kan lokaci.

Wadda ta biyo baya ce mai nauyi. Bayan shekarun raunin gwiwa da saɓani da shugabannin ƙungiya, Carter ya nemi a sallame shi. A wasa 20 da ya buga wa Toronto a farkon kakar 2004/2005, matsakaicin makinsa 15.9 ne. A Disamban 2004 aka mayar da shi New Jersey Nets, sai ga shi a ragowar wannan kakar yana cin 27.5. Mutum ɗaya, kaka ɗaya, gwiwa ɗaya. Ya kuma ƙara wa wutar fetur a wata hira da ya yi da John Thompson a talabijin, inda ya amsa cewa akwai shekarun da bai matsa wa kansa yadda ya kamata ba. Shekara goma bayan haka, duk lokacin da ya taɓa ƙwallo a Toronto sai filin ya ɗauki ihun tsana.

Hausawa na cewa hali zanen dutse ne. Da karin maganar ya tabbata a kan kowa, da labarin Carter ya ƙare a nan: haziƙin da baiwa ta yi wa yawa, ƙwazo ya yi masa kaɗan. Shekaru goma sha biyar da suka biyo baya ne suka sa karin maganar ya gaza a kansa.

Yadda ake daɗewa

Kakar NBA wasa 82 ce, ban da zagayen fitar da gwani, ana yin ta cikin wata shida da tafiye-tafiye tsakanin birane masu nisa. Yawancin 'yan wasa ba sa wuce shekara huɗu zuwa biyar a cikinta. Wanda ya dogara da tsalle da gudu kuwa ya fi kowa shiga haɗari, domin su ne baiwar da shekaru ke fara karɓewa. Taurari da dama sun bar gasar ƙafafunsu na iya ɗaukarsu, saboda zuciyarsu ta ƙi yarda su zauna a benci. Allen Iverson, wanda ya fitar da Toronto a waccan ranar ta 2001, ya bar Memphis a 2009 bayan wasa uku kacal, yana ƙorafin an mayar da shi ɗan canji.

Carter ya bi wata hanyar. Kiɗa ya canza, ya canza rawa. Bayan Orlando da Phoenix, ya isa Dallas a 2011, inda koci Rick Carlisle ya mayar da shi mai shigowa daga benci. Ya karɓa. Ya mayar da ƙarfinsa kan jifar nesa mai maki uku, da tsaron gida, da sanin inda zai tsaya a fili don ya buɗe wa wasu hanya, har ya yi ritaya da jifar maki uku fiye da 2,200. A Afrilun 2014, yana da shekara 37, shi ne ya jefa ƙwallon ƙarshe daga kusurwa da ta bai wa Dallas nasara a kan San Antonio da 109 da 108, irin jifar da ta ƙi masa shekara goma sha uku kafin nan.

Wannan sauyi yana da wuyar da ba a gani daga waje. Mutumin da aka zaɓa wasan taurari sau takwas, wanda a 2003 ya bar wa Michael Jordan gurbinsa na masu fara wasan don girmamawa, shi ne yake zuwa atisaye kullum ya kuma zauna yana jiran a kira shi na minti goma sha biyar, wata rana ma ba a kira shi ba. Jiki na bukatar abinci mai kyau da motsa jini da isasshen barci, kuma waɗannan kuɗi na sayensu. Haƙurin zama ƙarƙashin wanda ka girma da shekara ashirin ba a sayensa ko'ina.

Zaɓin da ya bayyana komai

Akwai al'adar da tsofaffin taurari ke bi a ƙarshen rayuwarsu ta wasa: su karɓi ƙaramin albashi a ƙungiyar da ake sa ran za ta lashe kofi, su zauna a gefe, a ba su zobe. Hanya ce halattacciya, kuma Gary Payton ya samu nasa zoben a Miami a 2006 yana dab da ritaya. Carter ya tafi inda za a sa shi a wasa. Daga Memphis ya koma Sacramento a 2017, sannan Atlanta a 2018, ƙungiyoyi biyu da ke cike da yara kuma ba mai sa musu ran komai. Atlanta ta ci wasa 29 ne cikin 82 a kakarsa ta farko a can. Tauraronta Trae Young an haife shi ne a Satumban 1998, wata uku bayan an zaɓi Carter a NBA.

Mai shakka zai iya cewa ko mafi ƙarancin albashin tsohon ɗan wasa a NBA ya haura dala miliyan biyu a shekara, don haka ba sadaukarwa ba ce. Haka ne, bai yi aikin kyauta ba. Sai dai irin wannan albashin ƙungiya mai neman kofi ma za ta iya biyansa, ga kuma damar zobe a kai. Da kuɗin suka zo daidai, abin da ya rage a kan ma'auni shi ne suna a gefe guda, buga ƙwallo a ɗaya gefen, kuma ya ɗauki buga ƙwallo.

Wani zai ce ya tare gurbin da ya kamata a bai wa matashi. Wannan ma tambaya ce ta gaskiya, a wasa da wajensa, domin ba kowane dattijo da ya ƙi sauka ba ne yake yin haka don ƙaunar aikin. Bambancin yana ga abin da ya riƙe. Carter ya saki matsayin jagora da yawan mintoci da ƙwallon ƙarshe, ya bar wa yara, ya tsaya a gefensu yana koya musu. Shaidar hakan ta fito daga bakin abokan sana'arsa: 'yan wasan NBA ne suka zaɓe shi abokin wasa mafi nagarta a 2016, suka kuma ba shi lambar yabo ta ladabin wasa a 2020. Su ne ke zama da shi a ɗakin sauya kaya da cikin jirgi, kuma su ne mafi wuyar yaudara.

Sulhu

Toronto ma ta sauko. A Nuwamban 2014 ya je birnin da rigar Memphis, aka nuna hoton bidiyon shekarunsa a kan allo, ihun tsana ya koma tafi, jama'a suka miƙe tsaye, shi kuwa yana share hawaye. A lokacin Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, shi ke tafiyar da harkokin ƙungiyar, kuma a ƙarƙashinsa ta lashe kofinta na farko a 2019. A ranar 2 ga Nuwamba, 2024, Raptors ta rataye riga mai lamba 15 a rufin filinta, karo na farko da ta yi wa wani ɗan wasanta haka, makonni kaɗan bayan an shigar da Carter zauren gwarzayen ƙwallon kwando na Naismith.

Ƙarshen wasansa bai zo da biki ba. A ranar 11 ga Maris, 2020, ana tsakiyar wasan Atlanta da New York labari ya bazu cewa za a dakatar da gasar saboda annobar korona. Saura daƙiƙa ƙasa da ashirin aka shigar da shi, Trae Young ya miƙa masa ƙwallo, ya jefa ta maki uku, ta shiga. Yana da shekara 43, kuma shi ne na farko da ya buga wasa a NBA a shekarun 1990, da na 2000, da na 2010, da na 2020.

Tarihinsa na kaka 22 LeBron James ya kamo shi a kakar 2024/2025, kuma LeBron ya kai nan ne yana tauraro, abin da ba kowa ake bai wa ba. Hanyar Carter ta fi kusa da rayuwar yawancin masu sana'a, waɗanda wata rana za su tarar an ɗauko wanda ya fi su sauri an ɗora a kujerarsu. Zobe yana faɗin ƙungiyar da ta fi kowa a shekara guda. Ba ya faɗin abin da mutum ya yi da ranar da aka ce masa ya koma benci, kuma a tarihin Carter wannan ranar ta ɗauki kusan shekara takwas.