Filin Direba da Makaniki: Ƙarar Inji Dabam, Ƙarfin Inji Dabam

A wannan wata za mu taɓo wani yayi da ya shigo tsakanin samarinmu na zango, daga Nima har Aboabo, wato cire akwatin matatar iska da mota ta zo da shi daga kamfani a ɗaura wata jar matata mai siffar mazurari, a sauya salansa, wasu ma har su kai mota a taɓa mata kwamfuta. Duk wanda ya leƙa Abossey Okai a Accra ko Magazin na Suame a Kumasi ya ga irin kayan nan, kwalinsu ɗauke da alkawarin ƙarin dawaki goma ko fiye. Da an ɗaura, mota ta soma gurnani in an taka totur, sai mai ita ya rantse ta ƙara ƙarfi. To, Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Abin da muke so mu duba shi ne yadda ake auna wannan ƙarin, domin kunne ba ma'auni ba ne.

Da farko, mene ne dokin da ake ta faɗa? Wani injiniya ɗan Sikotilan, James Watt, shi ya tsayar da wannan awo a ƙarni na 18 domin ya nuna wa masu saye yawan dawakin da injinsa na tururi zai maye gurbinsu. Doki ɗaya daidai yake da wat 746 a lissafin Ingila da Amurka, a na Jamus kuwa kimanin wat 735 ne. Kun ga tun daga nan an sami dawaki iri biyu. Shi ƙarfin inji kuwa haɗin abu biyu ne: ƙarfin murɗawa, da yawan juyin da inji ke yi a minti ɗaya. Saboda haka lambar da ake bugawa a littafin mota lamba ce ta wuri guda, can ƙololuwa, inda inji ke juyi wajen 6,000 a minti. Direban tasi da ke fama da cunkoson Kejetia ba ya zuwa can ko sau ɗaya a mako. Yana yawo ne tsakanin juyi 1,500 da 3,000, kuma a nan ne ya kamata a tambaya ko an sami ƙari.

Na'urar da ake awon da ita sunanta dainamomita, masu sana'a na taƙaita ta su ce daino. Tsohuwar dabara ce, domin tun 1821 wani Bafaranshe mai suna Prony ya ƙera irinta ta farko da ta shahara. Akwai wadda ake cire inji a ɗaura mata, ita ce kamfanoni ke amfani da ita. Akwai kuma wadda ake hawar da mota a kan wasu manyan gangunan ƙarfe, a ɗaure ta da igiyoyi, tayoyi su riƙa juya gangunan. Wannan ta biyu ƙarfin da ya iso taya take aunawa, bayan giyabos da sauran ƙarafa sun ci nasu rabon, wanda a ƙaramar mota mai giyar hannu yakan kai kashi 10 zuwa 15 cikin 100. Motar da littafinta ya ce doki 130, in ta nuna 112 a taya lafiyarta ƙalau. Amma ku lura da ƙofar da wannan ya buɗe: ana iya nuna maka lambar taya kafin aiki, sa'an nan bayan aiki a nuna maka lambar da aka lissafa ta koma ta inji, ka tafi gida kana murnar dawaki 18 da ba a haifa ba.

Kada a ce ƙananan 'yan kasuwa kaɗai ke da matsala da lamba. A 1999 kamfanin Ford ya fitar da Mustang Cobra a Amurka da tallar doki 320. Waɗanda suka saya suka hau daino suka ga ba ta kai ba, aka yi ta surutu har kamfanin ya dakatar da sayarwa, ya kira motocin ya sauya musu bututun shigar iska da salansa da tsarin kwamfuta, wato daidai abubuwa ukun da samarinmu ke taɓawa. Sai kuma abin da ya fi kusa da mu: Toyota Corolla mai inji lita 1.8 da ake shigo mana da ita daga Amurka, ta 2005 an rubuta mata doki 130, ta 2006 kuma 126, alhali inji ɗaya ne. Ƙa'idar awo ce kawai aka tsaurara. In har sauya ƙa'ida kaɗai zai ɓatar da dawaki 4, to wanda ya ce maka matatarsa ta ƙara 4 sai ya faɗa maka da wace ƙa'ida ya auna.

Abin da ya fi komai rikita awo shi ne ita iskar kanta. Inji ba ya cin iska da mudu, da nauyi yake cinta, kuma iska mai zafi ba ta da nauyi. Shi ya sa ƙa'idar Amurka ta SAE ta ce a mai da kowane sakamako kamar an yi shi a zafin digiri 25, ta Jamus ta DIN kuma ta ce 20. Mota ɗaya da aka auna da asuba a sanyin hunturu, aka sake aunawa da azahar a watan Maris, za ta ba da lamba biyu ba tare da an taɓa ko kusa ɗaya ba. A nan ne jar matatar nan take yawan faɗuwa jarrabawa. Akwatin kamfani yana da bututu da ke jawo iska daga gaban mota, a waje. Ita kuwa mazurarin sau da yawa a cikin bonet ake barinta tsirara, bayan lagireto, kusa da inji. A ce iskar waje tana digiri 30, ta cikin bonet kuma ta kai 60 a cunkoso: nauyin iskar ya ragu da kusan kashi 9 cikin 100, ƙarfin inji kuma zai iya sauka da kashi 4 ko 5. A Corolla dawaki 5 ko 6 ke nan suka tafi, domin a sami 2 ko 3 daga sauƙin numfashi. Gurnanin kuwa yana nan daram, don akwatin da aka jefar shi ke shanye ƙarar tun farko.

Ga kuma ƙura. Irin waɗannan matatu na auduga da ake shafa wa mai suna barin iska ta wuce da sauƙi ne saboda ramukansu sun fi na takarda faɗi. Wanda zai yi tseren awa biyu a kwalta mai tsabta a Turai ba ruwansa. Mu da hunturu ke lulluɓe mu daga Disamba zuwa Fabrairu, balle 'yan'uwanmu na Tamale da Bawku da Wa masu bin hanyar burji, wannan ƙurar kai tsaye take zuwa ta goge zoben fistin da bangon silinda. Ba a wata ɗaya ake ganin aikinta ba. Sai an shekara biyu mota ta soma shan baƙin mai, lokacin an manta da wanda ya sayar da matatar.

Batun taɓa kwamfuta ya ɗan bambanta, kuma adalci ne mu faɗa. A injin fetur maras turbo ƙarin kaɗan ne, domin iskar da silinda ke iya zuƙa ba ta ƙaruwa da rubutu. Kuma yawancin tsare-tsaren da ake kwafowa an yi su ne don fetur mai lamba 95 ko 98 na Turai. A zuba wanda bai kai ba, inji ya soma ƙwanƙwasa, kwamfuta ta ja baya da kanta, ƙarin ya gudu. A injin dizal mai turbo kuwa ƙarin na gaske ne. Ku dubi Sprinter da ta cika tashoshin trotro: samfurin 2000 zuwa 2006 mai inji lita 2.2, kamfanin Mercedes da kansa ya sayar da shi a doki 82 da 109 da 129, kuma akasarin bambancin daga turbo ne da tsarin kwamfuta. Saboda haka mai gyara yana iya ƙara matsin iska da mai, mota ta ja sosai a hawan Nkawkaw. Sai dai zafin hayaƙi yana hawa tare da ƙarfin, kuloci yana ɗaukar nauyin da ba a yi shi dominsa ba, ga shi motar ta riga ta ci dubban ɗaruruwan kilomita kafin ta sauka a Tema. In kuka ga baƙin hayaƙi ya ƙaru bayan aiki, mai ne da aka biya kuɗinsa yake fita bai ƙone ba.

To wanda ba shi da daino a kusa fa? Yana iya yin awonsa, muddin ya yi shi kafin a taɓa motar. A sami miƙaƙƙiyar hanya maras jama'a, a sa giya ta uku, a taka totur har ƙasa daga kilomita 50 zuwa 90, wani a gefe yana riƙe da agogo. A yi sau uku zuwa, sau uku dawowa, saboda iska da gangara, a ɗauki matsakaici. Bayan aiki a maimaita a hanya ɗaya, lokaci ɗaya na yini, mutum ɗaya a gefe, mai a tanki daidai da na farko, iskar taya ɗaya. Wannan tsanani yana da dalili. Ƙarin kashi 3 cikin 100 a gudun daƙiƙa 8 bai wuce rubu'in daƙiƙa ba, wanda babban yatsa ma yana iya kuskurensa. Fasinja ɗaya mai kilo 70 a motar kilo 1,200 kuwa kusan kashi 6 ne, ya ninka abin da ake nema.

Akwai kuma 'yar na'urar nan ta OBD da ake soka wa a ƙarƙashin sitiyari ta yi magana da wayar hannu. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da wurin soka ta, haka ma motocin fetur na Turai daga 2001. Tana nuna zafin iskar da ke shiga inji, a motoci da yawa har da giram nawa na iska ke wucewa a daƙiƙa. A karanta lambobin biyu da akwatin kamfani, a sake karantawa da mazurarin, totur a ƙasa. In zafin ya hau kuma giram bai ƙaru ba, a mai da akwatin wurinsa. Don haka muke ba da shawara kada a bar shi a garejin fitta ranar da aka cire. A sa shi a but a tafi da shi gida, har da bututunsa da ƙusoshinsa.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.