'Ya'yan Bakin Daji Su Suka Fi Cancantar Koyon Tsaron Daji

Lokaci zuwa lokaci ƙungiyoyi masu zaman kansu da ke fafutukar kare namun daji sukan ɗauki matasa horon sanin makamar aiki na 'yan watanni. Sanarwar takan fito a intanet, da Turanci, ta yi 'yan kwanaki, wa'adi ya cika a rufe. Masu ganinta galibi 'ya'yan manyan birane ne waɗanda ke da waya mai kyau da kuɗin data. Yaron da aka haifa a Alkaleri, wanda giwa ta taɓa tattake gonar mahaifinsa, da yarinyar da ta girma a bakin fadamar Nguru tana jin kukan dinya da asuba, sau da yawa ba sa ma jin labari. Ra'ayinmu a wannan reshe shi ne, waɗannan yara su suka fi cancantar guraben, kuma mu malamansu da iyayensu mu ne za mu iya kai su bakin ƙofar.

Bari mu fara da abin da ake ƙoƙarin karewa, domin kada a ɗauka zancen 'yan boko ne marasa aikin yi. Gandun dajin Yankari da ke Jihar Bauchi, wanda aka keɓe a 1956 aka buɗe wa masu ziyara a 1962, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. Yana cikin wurare ƙalilan da giwa ta rage a ƙasar nan, kuma shi da gandun Kainji kaɗai ake sa ran samun zaki a duk faɗin Nijeriya. Fadamar Haɗeja da Nguru, wadda wani yankinta ya shiga jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000, masauki ce ga tsuntsayen da ke ƙetaro Sahara daga Turai su yi hunturu a wurinmu. Tun bayan gina madatsun Tiga da Challawa yanayin ambaliyarta ya sauya, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da manoman shinkafa da makiyaya duk sun ji a jikinsu. Ungulu kuwa, wadda a da ba a rasa ta a mahautar kowane gari, tun 2015 take cikin jerin tsuntsayen da suka kusa ƙarewa a duniya. Mu tambayi ɗaliban ajinmu na firamare ko nawa ne suka taɓa ganinta da ido; amsar za ta ishe mu wa'azi.

Akwai masu aiki a kan waɗannan matsaloli. Gidauniyar kare muhalli ta Nijeriya, NCF, tana nan tun 1980, ta daɗe tana aiki a fadamar Haɗeja da Nguru, tana kuma kafa ƙungiyoyin son muhalli a makarantu. Ƙungiyar WCS ta shiga yarjejeniya da gwamnatin Bauchi a 2014 domin taimaka wa tsaron Yankari. A dajin Amurum kusa da Jos akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI, wadda ke ba da digiri na biyu tare da Jami'ar Jos, kuma ita ke jagorantar aikin zana taswirar tsuntsayen Nijeriya da taimakon 'yan sa-kai. Irin waɗannan wurare suna buƙatar hannu, kuma wanda ya fara da horo ko aikin sa-kai shi ake fara tunawa ranar da gurbi ya faɗo.

Me matashi zai koya a can? Zai koyi ƙirga tsuntsayen ruwa, aikin da ake yi a watan Janairu na kowace shekara a ƙasashe da dama lokaci guda. Zai koyi ɗaura kyamara a jikin bishiya ta ɗauki hoton dabbar da ta gitta cikin dare, da karanta na'urar nuna wuri, da shigar da bayanai a kwamfuta, da rubuta rahoton da mai ba da tallafi zai karanta ya gamsu. Tun da ƙungiyoyin fafutuka ne, rabin aikinsu magana ce da mutane: shirin rediyo, taro da masu unguwanni, bibiyar shari'ar masu fasa-ƙwaurin hauren giwa, tunatar da hukuma dokar kare dabbobi masu ƙarewa ta 1985 wadda aka yi wa gyara a 2016. Saboda haka wanda ya karanta Hausa ko aikin jarida ko shari'a ko lissafin kuɗi yana da wurin zama, kamar yadda wanda ya karanta ilimin dabbobi yake da shi. Ko da matashi bai ci gaba da harkar daji ba, ya fita da sana'ar da ofisoshi da yawa ke nema.

Hujjarmu ta cewa 'ya'yanmu sun fi cancanta ba son kai ba ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ɗauki batun ungulu. Babban abin da ke ƙarar da ita a yankinmu shi ne cinikin sassan jikinta domin magani da tsibbu. Wanda zai zauna da mai maganin gargajiya a rumfarsa, ya gaishe shi yadda ya kamata, ya saurare shi, sannan ya kawo masa zancen saiwa ko ganyen da zai maye gurbin kan ungulu, dole ya zama ɗan gida mai harshe da ladabi. Haka batun giwa da gona. Manomin da aka cinye masa dawar shekara cikin dare ɗaya ba zai saurari baƙon da ya zo da takarda yana yabon giwa ba, amma zai saurari ɗan maƙwabcinsa da ya san zafin asarar, ya kuma zo da dabarar sanar da gari kafin garken ya iso. Maƙwabtanmu na Nijar sun nuna mana misali. A 1996 raƙuman dawan da suka rage a yankin Kure, kusa da Yamai, ba su wuce 49 ba, su ne kuma na ƙarshe irinsu a duk Afirka ta Yamma. Bayan shekara ashirin da ɗoriya sun haura 600. Dabbobin nan ba a cikin shinge suke ba, a gonakin mutane suke yawo. Sun tsira ne domin an jawo mutanen ƙauyukan cikin aikin, wasu suka zama 'yan rakiyar baƙi, aka taimaka wa garuruwa da rijiyoyi da ƙananan rance, har raƙumin dawa ya zama abin amfani a idon mai gona.

Sai dai akwai wani shinge da ya fi rashin jin labari tsawo, wato kuɗi. Horon da ba a biyan ko sisi, wanda kuma sai matashi ya tafi Legas ko Abuja ya nemi ɗaki ya ciyar da kansa wata uku ko shida, an riga an zaɓi wanda zai yi shi tun kafin a buga sanarwa. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Malamin firamare da albashinsa bai yi nisa da mafi ƙarancin Naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 ba, ga 'ya'ya biyar ko shida a gabansa, ina zai samo kuɗin hayar ɗaki a birni? A nan muke kira ga kowace ƙungiya da ke ɗaukar masu koyon aiki, da murya ta girmamawa amma ba tare da kwana-kwana ba: a sa kuɗin mota da abinci da masauki cikin kasafin da ake miƙa wa masu tallafi, a ware gurabe ga 'ya'yan garuruwan da ke kewaye da dazuzzuka, a fitar da sanarwa da Hausa a gidajen rediyo, a kuma ba wa matashi takarda da ke fayyace aikinsa da wa'adinsa da sunan mai kula da shi. Mu ma'aikata ne, mun san bambanci tsakanin koyar da yaro aiki da cin guminsa. Wanda aka ajiye wata shida yana ɗaukar jaka da sayo abinci bai koyi komai ba.

Mun san iyaye suna da nasu tsoron, kuma ba mu raina shi ba. Wasu dazuzzukanmu sun zama mafakar 'yan bindiga, masu gadin daji ma sun rasa rayukansu a bakin aiki. Haƙƙin uba ne ya tambayi inda za a kai ɗansa, da wa zai kwana, da abin da aka tanada idan ciwo ya same shi. Ƙungiyar da ta san abin da take yi ba za ta ji haushin tambayar ba, kuma mai koyon aiki ba shi ake turawa sintiri ba. Game da 'ya'ya mata, aiki da yawa a cikin gari yake: makarantu, rediyo, ofis, da shiga gidaje inda namiji ba zai shiga ba a tattauna batun itacen girki da murhu mai rage cin itace. Wani kuma zai ce, ai wannan ba aikin gwamnati ba ne, babu fansho. Gaskiya ne. Amma matasa nawa ne a unguwanninmu suka gama hidimar ƙasa shekara uku ko huɗu suna jiran takardar ɗaukar aikin da ba ta zo ba? Wata shida na koyon abu mai amfani bai hana jiran ba.

To, mene ne namu? Na farko, reshe ya ɗora wa mutum biyu ko uku alhakin bibiyar irin waɗannan sanarwa, su fassara su, su saka a zaurenmu na WhatsApp da allon sanarwar kowace makaranta tun wa'adi bai ƙure ba. Na biyu, mu tuna wa 'ya'yanmu da ke jami'a da kwalejin kimiyya da fasaha cewa watannin SIWES, shirin da hukumar ITF ta ɓullo da shi a 1973, ana iya neman yin su a gandun daji ko a irin waɗannan ƙungiyoyi, maimakon zaman dumama kujera a ofishin da babu aiki. Masu sha'awar harkar tun daga tushe kuma su san akwai kwalejin tarayya ta kula da namun daji a New Bussa da ta gandun daji a Jos. Na uku, malaman Turanci su ware lokaci su koya wa ɗalibai rubuta wasiƙar neman gurbi da taƙaitaccen tarihin kai, mu kuma mu riƙa rubuta takardar shaida da ke faɗin ainihin abin da yaro ya iya. Na huɗu, kowace makaranta ta kafa ƙungiyar son muhalli, ko da aikinta bai wuce littafi guda ba da za a riƙa rubuta ranar da shamuwa ta iso gari, da irin tsuntsayen da aka gani a bakin kududdufi, da sunayensu na Hausa kamar yadda dattawa suka faɗa. Ɗalibin da ya je neman gurbi riƙe da littafin shekara biyu irin wannan ya fi mai tarin kalmomi nesa ba kusa ba. Na biyar, kwamitin jin daɗin mambobi ya duba yiwuwar ware ɗan abin da zai biya kuɗin motar ɗan mamba da ya samu gurbi.

Muna roƙon wakilan makarantu su zo taron reshe na gaba da sunayen malaman da za su ɗauki wannan nauyi, da na ɗaliban da suka ga suna da sha'awa. Allah Ya ba mu amanar yara, Ya kuma ba mu amanar ƙasar da za su gada. Wannan aiki ne da ya haɗa amanar biyu wuri guda.