RA'AYINMU: 'Ya'yanmu Na Kasuwa, Tsararrakinsu Na Aji

Duk wanda ya ratsa kasuwar Mile 12 ko Agege a Ikko, ko Sabon Ibadan, da hantsi ranar aiki, zai ga abin da ya sa muka ɗauki alƙalami yau. Yara maza na dako, mata na tallar goro, alhali kuwa tsararrakinsu suna zaune cikin aji. Da yawansu namu ne.

Ba rashin makaranta ya kawo haka ba. Tun 1955 gwamnatin Cif Obafemi Awolowo ta fara ba da ilmin firamare kyauta a Jihar Yamma. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta shimfiɗa shi ko'ina a ƙasa. Alhaji Lateef Jakande ya cika Ikko da ajujuwa tsakanin 1979 da 1983. Sa'an nan dokar 2004 ta ce kowane yaro yana da shekara tara na karatu kyauta kuma tilas, har ta tanadi hukunci ga uban da ya ƙi kai ɗansa. Dokar ba ta ware ɗan baƙo ba.

To, me ya tsare yaranmu? Galibi abubuwa ne ƙanana waɗanda suka yi wa talaka girma. An ce kyauta ne, amma akwai kayan makaranta da takalmi da littattafai. Akwai takardar haihuwa, wadda yaron da aka haifa a gida ba shi da ita. Akwai harshe: yaro ya tashi da Hausa, ya shiga aji ya tarar da Turanci da Yarabanci, ya yi wata uku bai gane kome ba, sai a ce daƙiƙi ne. Ga kuma uban da ke kwashe iyali zuwa gida da damina, ya dawo zangon karatu ya wuce.

Wanda ya fi ba mu tausayi shi ne ɗan shekara goma sha huɗu da bai taɓa shiga aji ba. Kunya ba za ta bar shi ya zauna da 'yan shekara shida ba, kuma ba wanda ya tanadar masa wani wuri. Irin wannan yaro shi ne gobe za a miƙa wa takardar haya ko ta kotu ya dangwala hannu bai san abin da ke ciki ba. Mun sha ganin haka ga iyayensa.

Masu cewa boko na hana karatun allo, a gaskiya ba mu yarda ba. Asuba da yamma sun isa allo, kamar yadda aka daɗe ana yi a Kano da Zariya.

Saboda haka muna kira ga Sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan goro da na shanu da na 'yan tumatir, waɗanda ba su kasa tara kuɗi in an yi rasuwa ko gobara ba, su ware wani abu don kayan makarantar marayu da marasa hali. Kowace unguwa ta rubuta sunayen yaranta da ba su zuwa, a sa wakili ya raka iyaye wajen hedimasta da ofishin ba da takardar haihuwa. Manyan yaran kuwa a buɗe musu aji bayan sallar isha'i, samarinmu da suka gama sakandare su koyar, a ba su ɗan alawus.